Abubakar Imam: malamin da gasar ƙaga labari ta mayar uban littattafan yaran Hausa

A Bana da Gaya, kamar a Kamba da Birnin Kabi can tsallaken iyaka, da wuya a rasa dattijon da ya san labarin akun nan mai hana ɗan sarki fita daga gida da daɗin baki. Wasu a littafi suka karanta shi, wasu kuwa a bakin yayye ko a rediyo suka ji. Sai dai ba kowa ya san cewa wanda ya rubuta Magana Jari Ce bai wuce shekara 25 ba a lokacin, kuma cikin wata shida kacal ya kammala aikin.

An haifi Abubakar Imam a shekarar 1911 a garin Kagara, wanda a yau yake cikin jahar Neja ta Nijeriya. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malamin addini ne, kuma a gabansa yaron ya fara karatun allo da Larabci. Daga baya aka tura shi Katsina wurin yayansa, Malam Bello Kagara, inda ya shiga makarantar boko. A 1927 ya samu shiga Kwalejin Katsina, wadda ta yaye da yawa daga cikin shugabannin Arewacin Nijeriya na farko. Ya fito a 1932, aka ba shi aikin koyarwa a makarantar Midil ta Katsina.

A wancan zamani yaron da ya koyi karatun boko da Hausa ba ya samun abin karantawa na nishaɗi. Akwai waƙoƙin wa'azi da aka daɗe ana rubutawa da ajami, akwai tatsuniyoyin da ake yi da dare a tsakar gida, akwai kuma ƴan littattafan makaranta da aka fassaro daga Turanci. Ƙagaggen labari mai tsawo, a rubuce da Hausa, babu shi. Wannan giɓin ne ya sa wani Baturen Ingila, Rupert East, shugaban Hukumar Fassara da ke Zariya, ya shirya gasa a 1933. Ya zagaya manyan garuruwa yana neman malamai su ƙago labari da kansu. Abin bai zo da sauƙi ba, don malamai da dama suna ganin tatsuniya aikin mata da yara ce, bai dace mai ilimi ya ɓata tawada a kanta ba.

Imam, yana ɗan shekara 22, ya shiga gasar da Ruwan Bagaja, labarin wani Alhaji da ya bar gida neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, yana ta karo da abokin hamayyarsa Malam Zurƙe ɗan Muhamman, kowa na yi wa ɗan uwansa wayo. Littafin ya shiga cikin biyar da aka zaɓa aka buga. Sauran su ne Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda daga baya ya zama firaministan Nijeriya, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East. Daga waɗannan biyar ne ake fara lissafin tarihin ƙagaggun labarai na Hausa.

East ya lura da abubuwa biyu game da saurayin malamin. Na farko, Hausarsa tana da daɗi da raha, kamar mutum na zaune yana ba da labari a dandali. Na biyu, yana yawan ɗebowa daga littattafan Larabci da ya karanta. East ya ga za a iya mayar da wannan ɗabi'a hanyar aiki. A 1936 ya nemi a ba shi aron Imam daga Katsina na tsawon wata shida, don ya rubuta littattafan karatu na ƴan makaranta. Ya tara masa littattafai daga sassan duniya: Dare Dubu da Ɗaya, Kalila wa Dimna, tatsuniyoyin Jamus na ƴan uwan nan Grimm, da wani tsohon littafin Indiya wanda a cikinsa aku ke ba da labarai.

A nan Imam ya koma ɗalibi. Yakan karanta labari, ya rufe littafin, ya sake gina shi a ƙasar Hausa: a ba mutanen sunayen gida, a sa musu riga da rawani, a kai su kasuwa ko gaban alƙali, su yi magana da karin magana da ba'a irin tamu. East kuma yana bin rubutun yana gyara tsari da ƙa'idar rubutu. Sakamakon shi ne Magana Jari Ce, littafi uku masu ɗauke da labarai fiye da 80, waɗanda aka fara bugawa daga 1937.

Tsarin littattafan kansa darasi ne. A na farko, aku yana riƙe Musa, ɗan Sarki Abdurrahman, da labari bayan labari, don kada ya fita ya faɗa tarkon mugun waziri. A na biyu, akun ya shiga gasar ba da labari da wani aku mai suna Haziƙ. A na uku, ya zauna yana koya wa ɗansa Fasih dabarun magana da zaman duniya. Wato magana ta fara ceton rai, ta zama abin gwada gwaninta, sannan ta zama gadon da uba ke bar wa ɗa. Yaron da ya bi littattafan daga farko zuwa ƙarshe yana koyon karatu, yana kuma koyon yadda ake gane maƙaryaci da yadda ake yi wa na gaba magana ba tare da an ɓata ba. Wannan ne ya sa har yau ake karanta su a makarantun sakandare da jami'o'i, kuma daga baya aka mayar da wasu labaran wasan talabijin.

Bai daɗe da komawa aji ba sai wani sabon aiki ya taso. A watan Janairun 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, aka naɗa Imam editanta na Hausa. Bai taɓa koyon aikin jarida ba, a kan aiki ya koya. Shekarar kuwa ita ce ta ɓarkewar Yaƙin Duniya na Biyu, don haka sai da ya nemo hanyar bayyana wa manomi da ɗan kasuwa jiragen yaƙi, ƙasashen Turai da siyasarsu cikin Hausar da za su fahimta. Ya kuma buɗe wa masu karatu filin wasiƙu, inda talakawa suka fara rubuta koke-kokensu a fili. Ya riƙe wannan aiki sama da shekara goma.

A 1943 ya tafi Ingila cikin tawagar ƴan jaridar Afirka ta Yamma, tare da Nnamdi Azikiwe. Lokacin da abokan tafiyar suka rubuta takardar neman a tsara hanyar samun mulkin kai, Imam bai sa hannu ba, don yana ganin ba a tuntuɓi mutanen Arewa ba kuma matsalolinsu na gaggawa daban ne. Wasu sun zarge shi a kan haka. Amma a wannan tafiya ce ya gana da Lugard, tsohon gwamnan Nijeriya, daga baya kuma ya rubuta masa dogon bayani kan gazawar mulkin mallaka a Arewa, musamman wajen ilimi da yadda ake danne matasa masu karatu. Da ya dawo, ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, don wanda bai taɓa ganin teku ba ya san abin da ke bayanta.

Kowane sabon fanni da ya shiga, sai ya mayar da shi littafi. Tare da East ya rubuta Ikon Allah, mai bayanin halittu da al'amuran kimiyya ga ƴan makaranta. Ya rubuta Ƙaramin Sani Ƙuƙumi. Bayan ya sauke farali ya rubuta Haji Mabuɗin Ilmi. Ya koma ga Larabcin da ya fara a gaban mahaifinsa, ya rubuta tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da Hausa. A ɓangaren mulki kuma, yana cikin waɗanda suka taka rawa a farkon Jam'iyyar Mutanen Arewa, ya zauna a majalisa a farkon shekarun 1950, sannan ya shugabanci hukumar ɗaukar ma'aikatan gwamnatin Arewa. Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin girmamawa a 1968. Allah ya yi masa rasuwa a Zariya ranar 19 ga watan Yuni, 1981, yana da shekara 70.

A wannan gefen iyaka, Nijar ma ta yi nata gwarzon a fagen littattafan yara: Bubu Hama, tsohon shugaban majalisar dokoki, wanda ya rasu a 1982, ya rubuta wa yara labarai da dama, wasu tare da Andrée Clair. Amma da Faransanci ya rubuta su, don shi ne harshen lakkol a lokacin. Makarantun gwaji masu koyarwa da harshen gida sun fara ne a Damagaram a 1973, kuma a 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Matsalar da East da Imam suka tarar a 1933 ita ce ke gaban malamai da iyaye a jahar Doso a yau: yaro ya iya haɗa baƙi da wasali, amma in ya koma gida babu littafi mai daɗi da zai sa ya ci gaba da karatu, sai abin da ya koya ya dushe.

Abin da ya warware matsalar a wancan lokaci bai fi ƙarfin gari kamar Gaya ba. An sa gasa, an ba malamin makaranta littattafai da lokaci, an samu wanda zai duba rubutunsa, an buga, an kai aji. Tsakanin Bana, Gaya da ƙauyukan bakin kogin Kwara akwai malaman firamare masu jin Hausa, Dendi da Faransanci, akwai kuma tsofaffi masu tatsuniyoyin da ba a taɓa rubutawa ba. Imam ma malamin aji ne mai shekara 22 a ranar da labarin gasar ya iso Katsina.