Audu Bako da darasin horar da ma'aikata

Duk lokacin da aka ambaci marigayi Alhaji Audu Bako, madatsun ruwa ake fara tunawa. A nawa ganin, mutanen da suka samu horo wajen gina su sun fi cancanta da a tuna.

An haife shi a barikin 'yan sanda na Kaduna a 1924, ya shiga aikin ɗan sanda a 1942, har ya koyar a kwalejinsu ta Kaduna. Da ya zama gwamnan Jihar Kano a 1967, sai ya sa noman rani a gaba, aka gina Bagauda da Tiga. Injiniyoyi da kanikawa da direbobin katafila da suka goge a waɗannan ayyuka, da su hukumar WRECA ta tsaya da ƙafafunta. Ita ce daga baya ta gina madatsar Guzu-Guzu a ƙasar Kabo, inda Garo take, da ta Pada a Gwarzo.

Ya sauka a 1975, ya rasu a 1980, aikin bai tsaya ba. Don haka gwamnatin da ke neman wadatar abinci, ta fara da gyara makarantun koyon sana'a, domin ɗan kwangila tafiya yake yi da iliminsa. Allah ya jiƙansa.