Tarihin Dick Tiger: Mai Sayar Da Kwalabe A Kasuwar Aba Da Ya Zama Zakaran Damben Duniya

Duk ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Jibiya, ko Ƙonni da Illela, ko Magarya da Maigatari, ya san sunan garin Aba, domin takalma da jakunkuna da tufafin da ake ɗinkawa a can suna cikin hajar da muke gani a rumfuna. To a kasuwar wannan gari ne wani yaro maraya ya fara neman abincinsa da tsintar kwalabe yana sayarwa, daga baya ya riƙe kambun duniya na damben zamani har sau uku. Sunansa na yanka Richard Ihetu, amma duniya ta san shi da Dick Tiger.

An haife shi ran 14 ga watan Agusta na shekarar 1929 a ƙauyen Amaigbo, wanda a yau yake cikin jihar Imo ta tarayyar Nijeriya. Ɗan ƙabilar Ibo ne, iyayensa manoma. Mahaifinsa ya rasu tun yana yaro, karatunsa bai yi nisa ba, sai ya bi ƴan'uwansa zuwa Aba neman na kai. A can ya riƙa zagaya unguwanni yana tara kwalaben da aka zubar, ya wanke su ya kai kasuwa. Daga wannan ƴar sana'a ya koyi tattalin kuɗi, halin da bai rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa.

Bai shiga dambe da wuri ba. Yawancin waɗanda suka yi suna a wannan wasa tun suna ƴan shekara goma sha suke hannun masu horarwa, shi kuwa sai a 1952, yana da shekara 23, ya fara damben neman kuɗi. A lokacin babu ƙwararrun masu koyarwa a Aba, babu kayan motsa jiki na kirki. Ga shi kuma gajere, tsawonsa bai wuce mita 1 da santimita 73 ba, hannuwansa ba su da tsawo, ƙafafunsa ba su da sauri. Abin da Allah ya ba shi shi ne ƙarfin jiki, da haɓa mai jure naushi, da wani bugun hagu mai lanƙwasa wanda idan ya sami mutum sai ya ji a jikinsa. Yadda yake zabura ya afka wa abokin karawa ne ya sa aka laƙaba masa Tiger, wato damisa.

A ƙarshen shekarar 1955 ya hau jirgin ruwa zuwa birnin Libaful na Ingila, inda ɗan ƙasarsu Hogan Bassey ya riga shi zama. Zuwan bai zo masa da sauƙi ba. Sanyi ya dame shi, abincin ƙasar bai karɓe shi ba, kuma dole ya kama aikin leburanci a wata masana'antar fenti, da rana aiki da yamma horo. Wasanninsa huɗu na farko a Ingila duka an ci shi da maki. Manajan da ya kawo shi ya fid da rai da shi ya sallame shi. Mutumin da ya kai shekara 26, ya sha kaye huɗu a jere, ba shi da mai tsaya masa a ƙasar da ba tasa ba, mutane da yawa sun ɗauka jirgin komawa gida kawai ya rage masa.

Wani manaja mai suna Tony Vairo ne ya ɗauke shi. Aka gyara masa tsayuwa, aka koya masa ya daina watsa naushi barkatai, ya riƙa matsawa kusa da abokin karawa inda gajeren hannu ya fi dogo amfani, ya bari a kawo masa bugu ya kauce sannan ya rama. A watan Mayu na 1957 aka kira shi Landan domin ya kara da wani saurayi mai tashe, Terry Downes. Masu shirya wasan sun kawo Tiger ne don yaronsu ya sami nasara mai sauƙi. Sai labari ya sha bamban, Tiger ya yi masa dukan da ya sa aka tsai da wasan kafin lokaci. Wannan Downes ɗin shi ma daga baya ya zama zakaran duniya a 1961, abin da ya nuna ba ƙaramin mutum Tiger ya doke ba. A watan Maris na 1958 kuma ya buge Pat McAteer a turmi na 9, ya karɓi kambun ƙasashen renon Ingila na ajin masu matsakaicin nauyi, wato waɗanda ba su wuce kilo 72 da rabi ba.

A 1959 ya ƙaura zuwa Amurka, inda manyan kuɗin dambe suke. Nan ma farkon bai yi daɗi ba. Wasansa na farko da Rory Calhoun an tashi kunnen doki, na biyu aka ba Calhoun. A 1960 ya rasa kambunsa a Kanada a hannun Wilf Greaves, kafin shekarar ta ƙare ya koma ya ƙwato abinsa. Daga nan ya yi ta kayar da manyan ƴan damben ajinsa ɗaya bayan ɗaya, irin su Florentino Fernandez da Henry Hank, har ya zamana babu yadda za a yi a hana shi neman kambun duniya.

Ran 23 ga Oktoba 1962 a birnin San Francisco ya haɗu da zakaran lokacin, Gene Fullmer, Ba'amurke mai taurin kai da ƙarfin tsiya wanda ya taɓa doke Sugar Ray Robinson. Aka yi turmi 15 cif, alƙalai suka ba Tiger. Yana da shekara 33, shekarun da wasu ƴan dambe ke shirin ajiye safa. Shi ne ɗan Nijeriya na biyu da ya ci kambun duniya, bayan Hogan Bassey da ya ci nasa a Paris a 1957. Sun sake karawa a Las Vegas a Fabrairun 1963 aka yi kunnen doki, kambu ya zauna a hannun Tiger.

Karo na uku shi ne wanda tsofaffi ba su manta ba. Ran 10 ga Agusta 1963 aka kawo wasan gida, filin Liberty na Ibadan, da tallafin kuɗi daga gwamnati. Wannan ne karon farko da aka yi damben kambun duniya a Afirka ta Yamma. Dubban mutane suka cika filin, wasu dubbai suka kasa kunne a rediyo. Tiger ya farfasa wa Fullmer fuska, bayan turmi na 7 Ba'amurken ya kasa ci gaba, kuma daga ranar bai sake dambe ba. A wannan shekarar ce Sarauniyar Ingila ta ba Tiger lambar girma ta MBE.

Raunin ƙafa bai bar shi ba. Duk ɗan damben da ya tsaya gaba da gaba da shi ya sha wuya, amma mai gudu yana zagaya fage yana tsikarinsa daga nesa yakan ba shi matsala. Da wannan dabara Joey Giardello ya karɓe kambun a Disambar 1963. Giardello ya yi ta ja masa rai kusan shekara biyu kafin ya yarda su sake haɗuwa. A tsakanin nan Tiger bai zauna ba, a watan Mayu na 1965 ya kai Rubin Carter ƙasa har sau uku a wasa guda. Ran 21 ga Oktoba 1965 a Niyok ya doke Giardello ya mai da kambunsa yana da shekara 36. Watanni shida bayan haka Emile Griffith ya karɓe shi da maki, jaridu suka ce tsufa ya zo.

Maimakon ya koma gida, sai ya haura aji na gaba, na masu nauyin da ya kai kilo 79, inda kusan kowa ya fi shi tsawo da jiki. Ran 16 ga Disamba 1966 ya kara da zakaran ajin, Jose Torres, wanda ya fi shi ƙuruciya da shekara kusan bakwai, kuma masu caca duk Torres suka zaɓa. Tiger ya yi ta dukan haƙarƙarinsa har turmi 15, ya tafi da kambun. A watan Mayu na 1967 suka sake, ya sake cinyewa, magoya bayan Torres suka fusata suka yi ta jifa da kwalabe da kujeru a cikin zauren Madison Square Garden.

A daidai wannan lokaci gida ya rikice. Juyin mulkin Janairun 1966 ya ci rayukan Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, daga baya aka kashe ƴan ƙabilar Ibo masu yawa a garuruwan Arewa, a 1967 kuma yaƙin basasa ya ɓarke. Tiger ya bi ɓangaren Biyafara, aka ba shi muƙamin laftana yana horar da sojoji motsa jiki, yana kuma aika kuɗin dambensa don taimakon mutanensa. A 1969 ya mayar wa Ingila lambar girmanta saboda goyon bayan da take ba gwamnatin tarayya. Wannan matsayi ya ɓata masa suna a wajen ƴan Nijeriya da yawa waɗanda a da suke alfahari da shi, ya kuma jawo masa hasara mai girma. Shi mutum ne da ko a Niyok jirgin ƙasa na talakawa yake shiga, kuɗinsa yana tura su gida yana gina gidaje da sayen filaye. Yaƙin ya raba shi da mafi yawan wannan dukiya.

Buƙatar kuɗi na cikin abin da ya sa ya yarda ya kara da Bob Foster, dogon mutum mai mita 1 da santimita 91 wanda sauran zakaru ke gudu, bayan an yi masa alkawarin dala 100,000. Ran 24 ga Mayu 1968, a turmi na 4, bugun hagu na Foster ya kwantar da shi. A duk tsawon shekarunsa na dambe, ranar ce kaɗai alƙalin wasa ya ƙirga masa har goma. Duk da haka bayan wata biyar ya dawo ya doke Frankie DePaula a wani wasa da kowannensu ya faɗi sau biyu, wanda mujallar The Ring ta zaɓa wasan da ya fi kowane a shekarar. A watan Mayu na 1969, saura kaɗan ya cika shekara 40, ya doke Nino Benvenuti na Italiya, wanda a lokacin yake riƙe da kambun duniya na matsakaicin nauyi, sai dai ba a sa kambun a cikin wasan ba. Wasansa na ƙarshe shi ne na watan Yuli 1970, inda Griffith ya sake cin sa da maki.

Bayan ya ajiye safa, mutumin da ya riƙe kambun duniya sau uku ya kama aikin gadi a wani gidan adana kayan tarihi a Niyok don ya ciyar da iyalinsa. A can ciwon ciki ya kama shi, likitoci suka gano sankarar hanta ce. Yaƙi ya riga ya ƙare tun Janairun 1970, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta bar shi ya dawo gida. Ya rasu a Aba ran 14 ga Disamba 1971 yana da shekara 42, ya bar matarsa da ƴaƴa takwas, aka binne shi a Amaigbo.

A lissafin da aka ajiye, ya yi wasa 82, ya ci 60, an ci shi 19, an yi kunnen doki 3. Mujallar The Ring ta zaɓe shi gwarzon ɗan damben shekara a 1962 da 1965, a 1991 kuma aka sa sunansa a zauren tunawa da manyan ƴan damben duniya da ke Amurka. Kaye 19 ba kaɗan ba ne ga zakara, kuma da ya tsaya a kan huɗun farko na Libaful da babu wanda zai san shi. Ɗan kasuwar da ya taɓa karyewa ya sake ɗaura jari daga ƙasa ya san irin wannan hali, domin kowa ya yi haƙuri shi ke dafa dutse har ya sha romonsa.