Frederick Lanchester: Injiniyan da ya ƙirƙiro birki mai faifai

Duk wanda ya shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano neman kayan birkin mota, abin da za a fara nuna masa shi ne faifan ƙarfe da takalman da ke matse shi. Wannan tsari ya samo asali ne daga Frederick William Lanchester, wani injiniya ɗan Birtaniya wanda bai ci moriyar ƙirƙirar tasa ba.

An haifi Lanchester a ranar 23 ga watan Oktoba na shekarar 1868 a unguwar Lewisham da ke birnin Landan. Ya yi karatun kimiyya a Southampton da Landan, amma ya bar makaranta ba tare da takardar shaida ba, inda a 1889 ya kama aiki a wani kamfanin ƙera injuna a Birmingham.

A 1895 ya fara haɗa motarsa ta farko, wadda ke cikin motoci masu amfani da fetur na farko da aka ƙera a Birtaniya. A 1899 kuma shi da 'yan uwansa biyu, George da Frank, suka kafa kamfanin kansu.

Matsalar zafi

A 1902 ne Lanchester ya yi rajistar sabon birkinsa, wanda ke damƙe faifan da ke juyawa tare da taya. Sai dai takalman na jan ƙarfe ne, suna ƙara mai tsanani, kuma ƙurar hanyoyin wancan zamani na cinye su da wuri.

Saboda haka masu ƙera motoci suka rungumi birki mai ganga, wanda takalmansa ke rufe a cikin tukunyar ƙarfe.

Aikin birki dai shi ne mayar da gudu ya koma zafi. Idan gudun mota ya ninka biyu, zafin da birki zai sha kafin ta tsaya yakan ninka huɗu. Ganga na riƙe wannan zafi, ta kumbura, birki ya daina kamawa. Faifai kuwa a sarari yake, iska na sanyaya shi.

Wannan ne dalilin da ya sa duk wanda ya ƙara wa inji ƙarfi, ko zai shiga filin tsere, ya wajaba ya sa faifai mafi girma, da takalma da man birki masu jure zafi.

Ƙarshen rayuwa

Kamfanin Lanchester ya karye a 1904, aka sake masa tsari, shi kuma daga 1909 ya zama mai bai wa kamfanin Daimler shawara. Ya rubuta littafi kan yadda iska ke ɗaga fukafukin jirgin sama a 1907, kana a 1922 aka zaɓe shi cikin ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society.

Duk da haka, shekarunsa na ƙarshe sun zo da ƙuncin rayuwa, da cutar karkarwar jiki da raunin gani. Ya rasu a Birmingham ranar 8 ga watan Maris na 1946, yana da shekaru 77, bai bar ɗa ba.

Nasara bayan mutuwa

Shekaru bakwai bayan rasuwarsa, a tseren sa'o'i 24 na Le Mans da ke Faransa a 1953, motar Jaguar C-type mai birkin faifai ƙirar kamfanin Dunlop ta zo ta ɗaya. Direbobinta, Tony Rolt da Duncan Hamilton, sun yi matsakaicin gudun kimanin kilomita 170 a sa'a, domin suna iya jinkirta taka birki har su kusanci kwana.

A 1955 kamfanin Citroën ya sa irin wannan birki a motarsa DS ta kasuwa. Motar Peugeot 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, ita ma faifai ne a tayoyinta na gaba.

Babban ɗakin karatu na Jami'ar Coventry na ɗauke da sunan Lanchester, kuma a can ake adana takardunsa da zane-zanensa.