George Stephenson: yaron da ya fara da tsaron shanu, ya bar wa duniya ma'aunin layin dogo

Duk wanda ya taɓa shiga sabon jirgin ƙasan da ke tashi daga Ebute Metta zuwa Moniya a Ibadan, ko na Abuja zuwa Kaduna, to ya hau kan ma'aunin wani Bature ne da ya rasu tun 1848. Tsakanin ƙarafan dogon nan biyu akwai ƙafa 4 da inci 8 da rabi. Ba kamfanin China da ya yi aikin ne ya zaɓi wannan faɗin ba. Asalinsa daga ramukan kwal na arewacin Ingila ya fito, kuma wanda ya yaɗa shi sunansa George Stephenson, mutumin da sai da ya kai shekara 18 kafin ya iya karatu da rubutu.

An haife shi ranar 9 ga Yuni, 1781, a ƙauyen Wylam, yamma kaɗan da Newcastle, garin da masu kallon ƙwallo suka sani. Mahaifinsa Robert aikinsa shi ne zuba wa injin zuƙe ruwa kwal a mahaƙar garin. Da shi da matarsa Mabel babu wanda ya san ko harafi. Ɗaki guda suke zaune da 'ya'yansu, kuma ta ƙofar gidan wata hanyar katako ta wuce, wadda dawakai ke jan taragon kwal a kanta zuwa bakin kogin Tyne.

Aikin farko da aka biya shi a kansa na kiwo ne. Wata maƙwabciyarsu ta ɗauke shi yana tsaron shanunta, kwabo 2 a yini, kada su hau hanyar tarago. Ni da na tashi a kara, na san wannan aikin ba a yi masa kirari, amma yana koya wa yaro sa ido. Daga nan ya koma tsince duwatsu daga cikin kwal, ya yi jan doki, ya zama yaron mahaifinsa a bakin wuta. Yana da shekara 17 aka ba shi kula da inji a wani rami da ke Newburn. Al'adarsa ita ce idan an tashi daga aiki ya kwance injin gunduwa-gunduwa, ya goge, ya mayar. A nan ya gane cewa abin da yake lalube da hannu wasu sun riga sun rubuta shi a littafi. Sai ya shiga makarantar dare da kuɗin guminsa.

A 1802 ya auri Frances Henderson, suka haifi Robert a 1803. Albashi ba ya isa, don haka da dare yana gyaran takalma da agogo. Daɗin bai daɗe ba. 'Yar da suka haifa a 1805 ta koma tana jaririya, uwar kuma tarin fuka ya ɗauke ta a 1806. Ya tafi ci-rani Montrose a Scotland, ya dawo ya tarar mahaifinsa ya makance sakamakon hatsari a wurin aiki. Nauyin gida duka ya dawo kansa.

Ƙofa ta buɗe masa a 1811. Injin zuƙe ruwa na wani rami a Killingworth ya ƙi aiki yadda ya kamata, ruwa ya hana haƙa. Stephenson ya ce a ba shi. Ya gyara shi, ramin ya tsotse, ba a jima ba aka ɗora shi a kan dukkan injinan mahaƙan. Kuɗin da ya ƙaru bai kai su ga sutura ba, makarantar ɗansa ya kai su. Robert kan hau jaki ya tafi Newcastle karatu, da yamma ya dawo su zauna da uban su maimaita darasin ranar. Wato kuɗin makaranta ɗaya, ɗalibai biyu. Agogon rana da suka ƙera tare a 1816 yana nan a saman ƙofar gidan har yau.

A nan ya kamata a gyara wani kuskure da ake yawan yi. Ba Stephenson ne ya ƙirƙiro kan jirgi mai tururi ba. Richard Trevithick ya riga shi, tun 1804 ya sa inji ya ja kaya a kan dogo a Wales. A 1812 wani na aiki a Leeds, kuma a ƙauyensu Wylam ma William Hedley ya ƙera nasa. Na Stephenson na farko, mai suna Blücher, sai a Yulin 1814 ya fito, ya ja tan 30 na kwal a hawa, yana tafiya kamar kilomita 6 a awa, saurin mutum mai sauri a ƙafa. Bambancinsa da sauran shi ne bai tsaya a kan injin kaɗai ba. Ya lura cewa nauyin inji na fasa dogon da ake da shi, kuma ɗan tudu kaɗan na cinye ƙarfin tururi. Sai ya ɗauki inji da dogo da shimfiɗar hanya a matsayin abu guda: a ƙarfafa ƙarfe, a fasa tudu, a cike kwari, hanya ta kwanta.

Kafin jirgi ya fito da sunansa, rigimar fitila ce ta fara. Iskar gas da ke taruwa a ramin kwal tana kamawa da wutar kyandir ta hallaka mutane da yawa a lokaci guda. A Oktoban 1815 ya gwada wata fitila da ya ƙera a cikin rami da kansa, makonni kafin shahararren masanin kimiyya Humphry Davy ya gabatar da tasa a Landan. Aka ba Davy fam 2,000, shi kuma aka zarge shi da satar fasaha, don manyan Landan sun kasa yarda cewa makaniken ƙauye zai kai ga abin da masani ya kai. Mutanen yankinsa suka yi nasu binciken, suka wanke shi, suka tara masa fam 1,000. Wannan tabon bai warke ba. Har ya mutu bai saki jiki da masu digiri na Landan ba.

A 1821 wani attajirin ulu a Darlington, Edward Pease, ya samu izinin shimfiɗa dogo daga ramukan kwal zuwa tashar ruwan Stockton. Dawakai ya yi niyyar sa wa. Stephenson ya same shi har gida ya shawo kansa a kan tururi. Suka kafa masana'antar ƙera kan jirgi a Newcastle a 1823, da sunan Robert, wanda bai wuce shekara 20 ba. Ranar 27 ga Satumba, 1825, Stephenson da kansa ya tuƙa Locomotion, yana jan taragon kwal da fulawa da ɗaruruwan mutane da suka ɗare duk inda suka samu. Gudun ya kai kilomita 24 a awa a wasu wurare. Faɗin dogon kuwa bai zauna ya lissafa shi ba, na hanyoyin dawakin Killingworth ya ɗauko, ƙafa 4 da inci 8. Daga baya aka ƙara rabin inci don tayoyi su samu sarari a kwana.

Amma a wannan shekarar ce ya sha kunyar da ta fi kowace. 'Yan kasuwar Liverpool da Manchester sun gaji da tsadar masu hanyoyin ruwa, suka ɗauke shi ya auna musu layi. Masu gonaki suka riƙa korar ma'aunansa, har wani awon da dare aka yi shi, a gurguje. Da aka je gaban kwamitin majalisa, lauyoyin masu adawa suka sa shi gaba kwana da kwanaki. Karin harshensa na arewa ya zama abin dariya, kuma gaskiya awon na da kurakurai, ya kasa kare su. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ofis yana da gaskiyar magana a ciki amma Turancin ya ƙi fitowa, ya san yadda abin yake. Ƙudurin ya faɗi, aka sallame shi. Ana ba da labarin cewa a zaman ne wani ya tambaye shi me zai faru idan saniya ta hau dogo, tsohon makiyayin ya nuna masa cewa saniyar ce za ta ji jiki.

Wasu injiniyoyi suka sake awo, majalisa ta amince a 1826, sai kuma kamfanin ya dawo da shi don ya yi ginin. Babbar matsalar ita ce Chat Moss, wata fadama mai laka da ke haɗiye duk abin da aka zuba mata. Maimakon ya nemi ƙasa mai tauri a ƙarƙashi, sai ya sa aka saƙa rassan itace da ciyayi kamar asabari, aka shimfiɗa, aka zuba tsakuwa a kai, dogon ya zauna kamar yana iyo. Jirage na bi ta nan har yanzu.

Masu kamfanin ba su gama yarda da kan jirgi mai tafiya ba, wasu sun fi son a kafa injina a gefen hanya suna jan tarago da igiya. Sai aka sa gasa a Rainhill a Oktoban 1829, ladan fam 500. Rocket ne kaɗai ya kammala, gudunsa ya kai kusan kilomita 47 a awa. Sirrinsa bututun tagulla 25 ne da suka ratsa tukunyar ruwan, zafin wuta na bi ta cikinsu, ruwa na tafasa da sauri, sannan tururin da ya gama aiki a fitar da shi ta bututun hayaƙi yana ƙara hura wutar. A nan ma a faɗi gaskiya: yawancin aikin Rocket na Robert ne, shawarar bututun kuma ta Henry Booth ce, ma'ajin kamfanin. Uban ya fi kwasar sunan. Mutum ne mai kishi, ba ya son raba yabo, kuma ya ɓata da yaransa masu hazaƙa irin su Joseph Locke. Shi kansa Robert ya yi shekara uku a Colombia daga 1824, nesa da inuwar mahaifinsa.

Ranar buɗe layin, 15 ga Satumba, 1830, Firayim Minista Wellington na cikin baƙi. Da aka tsaya shan ruwa a hanya, ɗan majalisar Liverpool William Huskisson ya sauko kan dogo, Rocket ya take masa ƙafa. Stephenson ya ɗauke shi a wani kan jirgin ya tuƙa da kansa zuwa Eccles, a gudun da ya kusa kilomita 58 a awa, amma mutumin bai kwana ba. Labarin mutuwar ya zaga duniya, labarin gudun ma ya bi shi.

Daga nan kowa dogo yake so. Babban abokin hamayyarsa Brunel ya gina nasa layin da faɗin ƙafa 7, kuma jiragensa sun fi gudu da nutsuwa. Sai dai na Stephenson ya riga ya mamaye ƙasa, dokar 1846 ta tsayar da shi, aka cire ragowar na Brunel a 1892. Mu nan Turawan mulkin mallaka ƙaramin ma'auni suka shimfiɗa mana, ƙafa 3 da inci 6, saboda ya fi araha. A kansa jirgi ya isa Ibadan a 1901, ya isa Kano a 1911, kuma a kansa aka yi ta sauko da shanu da gyaɗa kudu. Shi ya sa tsohon jirgi ba ya iya hawa sabon dogo.

Ƙarshen rayuwarsa a Tapton House ya yi shi, kusa da Chesterfield, yana da ramukan kwal nasa na kansa. Ya koma lambu, yana noman abarba a ɗakin gilashi, yana cusa kokwamba a bututun gilashi don ta fito a miƙe. A 1847 ya zama shugaban farko na ƙungiyar injiniyoyin kanikanci ta Birtaniya. Ciwon ƙirji ya kashe shi ranar 12 ga Agusta, 1848, yana da shekara 67, aka binne shi a Chesterfield. Daga 1990 zuwa 2003 hotonsa ne a bayan takardar fam 5.

Birtaniya ta daina jigila da tururi a manyan layukanta a 1968, amma ba ta sayar wa 'yan gwangwan komai da komai ba. Locomotion na ajiye a gidan tarihi a Shildon, Rocket ma yana nan. Akwai kuma wani layi da Stephenson ya auna tsakanin Whitby da Pickering, aka buɗe shi a 1836 dawakai na ja. An rufe yawancinsa a 1965, sai masu sha'awa suka tara kuɗi suka farfaɗo da shi a 1973. Yau mutane na yankar tikiti ba don suna da inda za su ba, sai don su zauna a tsohon tarago, su ji ƙamshin kwal, su ratsa tsaunuka da kwaruruka na kusan kilomita 29. Da yawan masu zuba kwal da masu duba tikitin aikin sa-kai suke yi. Irin waɗannan layukan ba a yarda su wuce kilomita 40 a awa ba, wato ƙasa da gudun da Rocket ya yi a Rainhill a 1829.