Gerardus Mercator: Ɗan baduku da ya zana wa duniya taswira

Sama da shekaru 450 bayan fitowarta, taswirar da Mercator ya zana tana ci gaba da jawo muhawara, musamman game da yadda take nuna girman nahiyar Afirka.

An haifi Gerardus Mercator ranar 5 ga watan Maris na 1512 a Rupelmonde, wani ƙaramin gari na yankin Flanders a arewacin ƙasar Beljiyam ta yanzu. Garin yana bakin kogin Scheldt ne, daura da inda kogin Rupel ke shiga cikinsa, daga nan kuma ya samo sunansa. Tsakaninsa da birnin Antwerp, wanda a wancan zamani yake cikin manyan cibiyoyin kasuwancin Turai, babu nisa sosai.

Mahaifinsa Hubert baduku ne mai ƙaramin ƙarfi, shi kuma Gerardus shi ne ɗa na bakwai a gidan. Sunan gidansu na asali Kremer, wato ɗan koli, wanda daga baya ya mayar da shi zuwa harshen Latin ya zama Mercator, kamar yadda masu ilimi suka saba yi a lokacin.

Bayan rasuwar mahaifinsa, wani danginsu mai suna Gisbert, limamin coci a garin, ya ɗauki nauyin karatunsa. A 1530 ya shiga jami'ar Leuven, daga bisani kuma ya koyi lissafi da ilimin taurari a hannun masanin nan Gemma Frisius. A can ne ya ƙware wajen sassaƙa zane a kan farantin tagulla, wanda da shi ake buga taswira.

A 1537 ya fitar da taswirarsa ta farko, wato ta ƙasar Falasɗinu. Shekara guda bayan haka ya zana ta duniya baki ɗaya, sannan a 1540 ya zana ta yankinsu na Flanders.

Wata bakwai a kurkuku

Zamanin Mercator zamani ne na rikicin addini a Turai tsakanin ɗariƙar Katolika da mabiya Martin Luther. A 1544 mahukunta suka sa sunansa cikin jerin mutane fiye da 40 da ake zargi da bidi'a, aka kama shi aka tsare a ganuwar Rupelmonde, garin da aka haife shi.

Wasu daga cikin waɗanda aka kama a wannan samame an kashe su, an ƙona wasu, an binne mata biyu da ransu. Shi kuwa ya shafe wata bakwai a tsare kafin a sake shi saboda rashin hujja, bayan da jami'ar Leuven ta sa baki.

A 1552 ya kwashe iyalinsa ya koma Duisburg da ke Jamus ta yanzu, inda aka fi sassauci a kan al'amuran addini. A nan ya zauna har ƙarshen rayuwarsa.

Taswirar 1569

Matsalar da ta daɗe tana damun matuƙan jirgin ruwa ita ce, duniya dunƙulalliya ce, takarda kuwa shimfiɗaɗɗiya. Matuƙin da ya bi alƙibla guda da kamfas ɗinsa, sai ya tarar hanyarsa ba ta dace da abin da ke kan taswira ba.

Layukan da ke ratsa duniya daga arewa zuwa kudu suna haɗuwa ne a ƙuryoyinta biyu. Mercator ya miƙe su tsaye ba tare da sun haɗu ba, abin da ya faɗaɗa ƙasashen da ke nesa da tsakiyar duniya. Domin kada siffarsu ta karkace, sai ya ƙara musu tsawo daidai da yadda suka faɗaɗa. Ta haka duk alƙiblar da matuƙi ya ɗauka ta zama miƙaƙƙen layi a kan takarda.

Sai dai wannan dabara ta zo da illa. Tsibirin Greenland, mai faɗin murabba'in kilomita kimanin miliyan 2, yana fitowa kusan daidai da Afirka mai murabba'in kilomita miliyan 30, alhali Afirka ta ninka shi kusan sau 14. Ƙasashen Turai ma suna fitowa fiye da ainihin girmansu.

Masana tarihi na nuni da cewa don matuƙa ya yi taswirar, waɗanda suka zo bayansa ne suka rataya ta a azuzuwan makarantu da ofisoshi. A 1973 Bajamushen nan Arno Peters ya soke ta da cewa tana ƙasƙantar da ƙasashe masu tasowa, a watan Agustan 2025 kuma ƙungiyar Tarayyar Afirka ta goyi bayan fafutukar maye gurbinta da taswirar da ke nuna girman nahiyoyi daidai.

Mercator bai yi yawon duniya ba. Yawancin iliminsa daga littattafai ya same shi, da wasiƙun masana da labaran fatake da matuƙa. Ya gamu da shanyewar ɓarin jiki a 1590, ya rasu ranar 2 ga watan Disamba na 1594 yana da shekaru 82. A 1595 ɗansa Rumold ya wallafa kundin taswirorinsa mai suna Atlas, sunan da ake kiran irin waɗannan littattafai da shi har yau.

Rupelmonde ya daina zama ƙaramar hukuma mai cin gashin kanta a 1977, lokacin da aka haɗe shi da Kruibeke. Mutum-mutumin Mercator yana tsaye a dandalin garin, sannan hasumiyar da ta rage daga ganuwar da aka tsare shi tana nan a bakin kogi, masu yawon buɗe ido na ziyartarta.