Chari Maigumeri da Hausar Bariki

Chari Maigumeri Babarbare ne, amma da Hausa ya yi aikin soja. Ya fara ɗaukar bindiga ƙarƙashin Jamusawa a Kamaru, har suka ba shi lambar jarumtaka. Da Garwa ta faɗa hannun Ingilishi da Faransawa a 1915, sai aka kama shi. Daga baya ya shiga rundunar Nijeriya, ya yi yaƙi a Gabashin Afirka da tsofaffin iyayen gidansa.

A Yaƙin Duniya na Biyu, yana Samanja, ya je Habasha, sannan Bama. Abin da ya kamata ɗalibi ya lura da shi shi ne zaman sansani. Kafin a shiga dajin Bama, sojojin Afirka ta Yamma sun yi watanni a Indiya. Idan aka tashi daga fareti, Barebari da Tibi da Zabarmawa sukan haɗu a yi hira da waƙa da kewar gida, galibi cikin wata Hausa mai sauƙin nahawu, wadda ba ta damu da bambanta jinsin namiji da tamace ba. Ita ce masana ke kira Barikanci. Wasu kan raina ta, alhali ita ta haɗa bakin mutanen da ba sa jin harshen juna, kuma da ita Samanja irinsa ke isar da umurnin Bature.

Ya yi ritaya a 1953 da muƙamin kyaftin na girmamawa. An sa wa barikin sojan Lokoja sunansa.