Ignaz Semmelweis, Likitan da Ya Dage a Wanke Hannu

An haifi Ignaz Semmelweis a ƙasar Hangari a 1818. Yana aiki a babban asibitin Vienna ta Ostiriya, sai ya lura zazzaɓin bayan haihuwa ya fi kashe masu jego a ɗakin da likitoci ke karɓar haihuwa fiye da na ungozomomi. Ashe likitocin kan taso daga binciken gawa su duba mata da ƙazantar a hannunsu.

A 1847 ya wajabta wanke hannu da ruwan kulorin, nan da nan mace-mace suka ragu ƙwarai. Abin takaici, manyan likitoci da dama suka ƙi yarda, domin lokacin ba a tabbatar da cewa ƙwayoyin cuta ke jawo ciwo ba.

Ya rasu a 1865 a asibitin masu taɓin hankali, yana ɗan shekara 47.